Yarinyar da Ba a Zana Ba

A shekarar 1943 wani akawun haƙar kuza a yankin Jama'a ya tsinci kan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. Da ya rasa abin yi da shi sai ya kai gonarsa ta doya ya kafa, don ya riƙa tsorata masu ɓarna. Kan ya sha rana da ruwa wajen shekara guda kafin ya faɗa hannun Bernard Fagg a Jos, shi kuwa ya lura yana kama da wani da aka tono tun 1928 a Nok, ƙauyen da ke cikin ƙaramar hukumar Jaba ta yau, ba nisa da Kwoi. Daga nan duniya ta san sunan Nok.

Wanda ya tsaya gaban irin waɗannan kawuna a gidan tarihi na Jos, gashi ne zai fara ɗaukar idonsa. Ga tukkaye an ɗaure su tsaf, ga kitso layi-layi wanda ko a kan mutum zai ci wuni. Ido mai kusurwa uku an huda ƙwayarsa, hanci a buɗe, leɓe a cike, duwatsun ado jere a wuya da ƙugu. Masu bincike na Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, waɗanda suka soma tono a yankin a 2005, sun ce an fara gina irin waɗannan siffofi wajen shekara 900 kafin haihuwar Almasihu. Kusan shekara 3,000 ke nan da wani ya zauna a wannan ƙasa, ya ga fuska mai irin wannan hanci da wannan kitso ta isa a ƙona itace a gasa ta don kada ta ɓace.

Yarinyar da ke firamare a Kwoi yau tana ganin hotuna fiye da duk kakanninta, amma da wuya ta ci karo da kanta a cikinsu.

Mishan ɗin SIM sun kafa tasha a Kwoi a 1910. Sun zo da makaranta da magani, kuma majami'ar da ta tsiro daga aikinsu ta zama ECWA a 1954. Babu mai raina wannan gado a ƙasar Ham, mutanen Kwoi. Shi ya sa garin ya yi suna da boko, har da makarantar sakandare ta 'yan mata da ta yaye ɗalibai daga sassan Arewa. Sai dai tare da Littafi Mai Tsarki an sauke hotuna, kuma hotunan a Ingila da Amurka aka buga su. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne zanen fuskar Yesu da Warner Sallman ya yi a Chicago a 1940, mai gashi mai santsi da fata mai haske, wanda aka buga fiye da kwafi miliyan 500. Fim ɗin Yesu na 1979, da aka juya zuwa Hausa aka yi ta haskawa a filayen ƙauyuka da injin janareta, Baturen Ingila ne, Brian Deacon, ya fito a ciki. A kalandar bango da katin makarantar Lahadi, yaran da ke zaune a cinyar Yesu jajaye ne, mala'ikun kuma gashinsu ruwan zinariya. Malaman makarantar Lahadi sun san tambayar da kan biyo baya: "Anti, mala'iku duka Turawa ne?"

Akwai kuma ɗan littafin nan marar rubutu, wanda asalinsa wa'azin Charles Spurgeon ne a Landan a 1866, mishan da masu bishara ga yara suka yaɗa shi ko'ina. Shafuka ne kawai masu launi. Malama ta buɗe baƙin shafi ta ce ga zuciya mai zunubi, ta juya ja ta ce ga jinin fansa, ta juya fari ta ce ga zuciyar da aka wanke. Babu abin da ta faɗa game da fata, kuma ba ta nufe shi ba. Amma a layin gaba akwai yarinya mai shekara shida da hannunta ke kan gwiwa, kuma idonta na iya sauka daga shafin zuwa bayan hannun.

A nan tambayar ta tashi daga harkar buga littafi ta shiga harkar addini. Dokoki Goma sun hana shaidar zur, Musulunci kuma ya lissafa ta cikin manyan zunubai. To, hoto yana iya shaidar zur alhali bai buɗe baki ba? In an ɗauki littattafan ɗaya-ɗaya, babu wanda ya yi ƙarya. Sallman ya zana fuskar da ya saba gani, wata marubuciya a Landan ta rubuta labarin 'yar Landan, kuma haƙƙinta ne. Ƙaryar ba ta bayyana sai an jera su a kanta ɗaya, yarinya ta bi su daga farko zuwa ƙarshe, ta tarar kowa yana ciki ban da ita. Shaidar da kantar ta bayar ita ce akwai mutanen da labari ke faruwa da su, akwai kuma 'yan kallo. Ba wanda za a kama da laifin shi kaɗai, shi ya sa ya daɗe ba a gyara ba.

A Amurka an taɓa ƙirga abin. Nancy Larrick ta duba littattafan yara 5,206 da aka buga daga 1962 zuwa 1964, ta tarar 349 kacal ne ke da baƙin mutum ko da guda a ciki. Kafin ita, a shekarun 1940, Kenneth da Mamie Clark sun ajiye wa yara baƙaƙe 'yar tsana fara da baƙa, suka tambaye su wacce ce mai kyau. Akasarinsu suka nuna farar. Kotun Ƙolin ƙasar ta ambaci aikin nasu a 1954 lokacin da ta haramta raba makarantu bisa launi.

Dattawan majami'a suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Sukan ce ai hoto ne kawai, Allah zuciya yake dubawa, ba fuska ba. Malamin Islamiyya ma zai kawo hadisi mai wannan ma'ana. Gaskiya ne game da Allah. Yarinya kuwa ba Allah ba ce, fuska take dubawa, kuma tana karanta hoto shekaru kafin ta iya haɗa baƙi da wasali. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Sannan addinan nan biyu su ne na ƙarshe da ya kamata su ce hoto ba komai ba ne. Dokar da ta hana sassaƙa gunki, da tsantsenin malaman Musulunci game da zana masu rai, duka sun taso ne daga sanin cewa siffa tana shiga zuciya ta zauna. Wanda ya yarda hoto na iya karkatar da ibadar babba ba zai musa cewa yana iya karkatar da tunanin yaro ba.

Amsa ta biyu ta fi kaifi: Yesu Bayahude ne ɗan Galili, ba ɗan Kwoi ba, don haka zana shi baƙi ƙarya ce daidai da zana shi Bature. Wasu sun gwada duk da haka. A Oye-Ekiti, daga 1947, Fada Kevin Carroll ya sa masassaƙan Yarbawa suka sassaƙa labaran Bishara da fuskokin Yarbawa. A arewacin Kamaru, daga 1973, Kiristocin Mafa sun riƙa yin wasan labaran, ana ɗaukar hotonsu, ana zana su. Sakamakon shi ne jerin zanen da ake kira Jesus Mafa, inda Maryamu ke goye da jariri a gaban bukka. Masana tauhidi na iya ci gaba da gardama a kan fuskar Yesu. Ta yaran da ke kewaye da shi ba ta buƙatar gardama, don babu ayar da ta ce jajaye ne kaɗai suka matso.

Abin mamaki ma, nassosin sun fi hotunan da aka yi musu yalwa. Littafin Farawa ya ce cikin kamannin Allah aka halicci mutum, namiji da tamace, bai ware launi ba. Suratur Rum ta sa bambancin harsuna da launuka cikin ayoyin Allah, a jere da halittar sammai da ƙasa. Idan launi aya ce, wanda ya goge shi daga littafin yara ya rage wa yaran abin da aka ce su duba su yi tunani. Kuma matan suna nan a rubuce. Ga Hajara 'yar Masar, wadda miliyoyin alhazai ke bin sawun gudunta tsakanin Safa da Marwa kowace shekara. Ga matar Musa 'yar Kush, wadda Maryamu da Haruna suka yi gunaguni a kanta a Littafin Ƙidaya, aka hukunta Maryamu da kuturta. Ga Ummu Aiman 'yar Habasha, wadda ta reni Annabi Muhammadu (SAW). Ga Josephine Bakhita, yarinyar Darfur da aka sace aka sayar, wadda Cocin Katolika ta ɗaga zuwa matsayin waliyyai a 2000. Tatsuniyar cewa baƙar fata la'anar Nuhu ce kan ɗansa ba ta cikin nassin. Kan'ana aka la'anta a can, kuma ba a ambaci launi ba. Ibn Khaldun ya yi watsi da ita, Ahmad Baba na Timbuktu ya sake rushe ta a 1615. Wanda zai zana littafin addini na yara ba ya buƙatar ƙirƙiro baƙar mace ko ɗaya, ya dai daina mai da waɗanda ke ciki farare.

Amma da a ce matsalar Kwoi launi ce kawai, da an gama da ita tuntuni. Bayan samun 'yancin kai marubutan Najeriya sun cika aji da yara baƙaƙe. Eze ya tafi makaranta a 1963, Ralia ta Kola Onadipe ta ɓace a daji a 1964, Mabel Segun ta ba da labarin yarintarta a 1965, Chike na Chinua Achebe ya haye Kwara a 1966. Waɗanda suka yi firamare da littafin Turanci na Macmillan ba su manta Ali da Simbi ba. Duka baƙaƙe ne. Sai dai in an duba sunayen yaran littattafan makaranta, yawancinsu gida uku suke komawa: Hausa, Yarbanci, Ibo. Ko Taofick Okoya, wanda ya fara ƙera 'yan tsana baƙaƙe a Legas don 'yarsa ta ga mai kama da ita, uku ya fitar: Nneka, Wuraola da Azeezah. Jihar Kaduna kuwa tana da harsuna fiye da 50. Yarinyar da ke jin Hyam, harshen Ham, a gida, da ƙawarta mai jin Jju ko Tyap, da 'yar Gworok da 'yar Fantswam, an tsallake su sau biyu. A hoton mishan launinsu ne babu, a littafin gwamnati kuma sunansu da garinsu.

Lokacin da aka sa su a littafi ma, ba da daɗi ba. A 1912 wani jami'in mulkin mallaka da ya yi aiki a Jama'a, A. J. N. Tremearne, ya buga littafi a Landan kan Kagoro da maƙwabtansu, ya sa masa suna The Tailed Head-Hunters of Nigeria, wato masu wutsiya mafarautan kawuna. Wutsiyar da ya ɗora a bangon littafin ado ne da matan aure ke ɗaurawa a ƙugu, alamar mutunci a wurinsu. Da wannan siffa matan kudancin Kaduna suka fara shiga ɗakunan karatun Turai.

Littafin Hausa shi ma yana da nasa bashin. Hausa ce harshen kasuwa da na majami'a a Kwoi da Kafanchan, da ita Zumuntar Mata ke waƙa, da ita aka karanta Littafi Mai Tsarki tun fassarar 1932. Amma wadda ta buɗe littattafan soyayya na kasuwar Kano ta san siffar da aka saba ba tauraruwa: fara, doguwa, mai dogon hanci, gashi har gadon baya. Baƙa mai gajeren gashi takan fito a kishiya ko 'yar aiki. Ba littafi kaɗai ya jawo ba, akwai fim ɗin Indiya da talla da waya, amma ba a rasa dangantaka tsakanin wannan da alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011, cewa kashi 77 cikin 100 na matan Najeriya suna shafa man bilicin.

Chimamanda Adichie ta faɗa a jawabinta na 2009 cewa labaran da ta fara rubutawa tana yarinya a Nsukka cike suke da Turawa masu shuɗin ido, suna wasa a dusar ƙanƙara suna shan lemon citta, alhali ba ta ma san mene ne shi ba. Da ta zo Kwoi da kaka da ta ga inda cittar take fitowa. Mata da 'yan mata zaune a inuwa da ƙananan wuƙaƙe suna tsaga ta biyu, yatsu na raɗaɗi, an shanya ta a kan duwatsu da gefen titi, ƙamshinta ya cika gari, 'yan kasuwa na jiran ta bushe a ɗura a buhu. Kuɗin makarantar yara da yawa daga nan yake fitowa, shi ya sa cutar da ta cinye gonakin citta a 2023 ta taɓa har aji. Cittar ta shiga littafin yaran Ingila a kwalba, ta zagayo ta shiga labarin 'yar Nsukka, yarinyar da ta tsaga ta kuwa har yanzu tana waje.

Rudine Sims Bishop, malamar jami'a a Ohio, ta rubuta a 1990 cewa yaro yana buƙatar littafin da zai zame masa madubi da wanda zai zame masa taga. A kudancin Kaduna tagar ba ta gaza madubin muhimmanci ba, wataƙila ma ta fi. Rikicin Maris 1987 daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya tashi. Zangon Kataf ta ƙone a 1992, Kafanchan da Zonkwa suka sake ƙonewa bayan zaɓen 2011, unguwanni suka rabu, makarantu suka bi su. Akwai yarinya a Kwoi da ba ta san 'yar Fulani ba sai a labarin hari, akwai 'yar ruga da ba ta san 'yar Ham ba sai a labarin ramuwa, akwai kuma 'yar Kano da ba ta taɓa jin cewa wata sa'arta tana addu'a da Hausa ran Lahadi ba. Suratul Hujurat ta ce an yi mutane dangogi da ƙabilu ne don su san juna, Bishara ta ce a ƙaunaci maƙwabci. Dukansu sun ɗauka an san maƙwabcin. Littafin da ya sa 'yar Ham ita kaɗai a shafi, ya bar mai tallan nono da ke ratsa ƙofar gidansu, ya maimaita laifin da aka yi mata ne a kan wata.

Akwai gajeriyar hanya da masu buga littafi ke so, wato jerin jarumai. Sarauniya Amina ce kan zo farko. Jaruma ce, babu musu, amma a ƙasar da kakanni suka hau duwatsu don gudun mahayan Zazzau masu neman bayi a ƙarni na 19, mace a kan doki da takobi ba kowa take yi wa madubi ba. Yankin yana da nasa: Blessing Liman ta Zangon Kataf, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin soja a Najeriya, da Dakta Hadiza Balarabe ta Sanga, wadda aka zaɓa mataimakiyar gwamna a 2019. Su ma ba su isa ba. In sai mace ta tuƙa jirgi kafin a zana ta, an koya wa yara cewa daraja lada ce da ake ci, alhali nassin da suke haddacewa ya ce da ita aka halicce su. Yarinyar da ta ɓatar da kuɗin niƙa, ta tsaya a bakin hanya tana shirya ƙaryar da za ta yi wa Mama, ta isa labari mai shafi 16.

Abin da ya rage aikin hannu ne, kuma ya fi wa'azin wuya. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. A nan "na yankinsa" ya zama Hausa, littafin Hyam ko Jju na yara kuwa sai an tona. Kayan aiki sun samu yanzu. Shirin African Storybook na Afirka ta Kudu yana ba da labarai kyauta a intanet, kowa na iya juya su zuwa harshensa, manhajar Bloom kuma an yi ta ne don ƙananan harsuna. Amma labarin da aka zana a Kampala aka sauya masa suna bai zama na Kwoi ba. Sai an sami mai zane da ya san yadda bikin Tuk Ham yake. Ɗaliban zane na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da na Jami'ar Ahmadu Bello suna nan, kuma majami'u da Islamiyyu su ne masu sayen littafin yara da yawa a lokaci guda.

Sai batun tawada. Littafi mai arha da launi ɗaya ake buga shi, baƙi a kan fari. In mai zane ya cika fuska da tawada, a kan takarda marar kauri sai ta fito dunƙule, ba ido ba baki. Don haka yakan ja layin fuskar kawai ya bar cikinta launin takarda, yarinyar ta fito fara ba da niyyar kowa ba. Fitar da baƙar fata da haskenta yana son launi huɗu da takarda mai kyau, takardar kuwa daga waje ake shigo da yawancinta tun da masana'antun Jebba da Oku Iboku da Iwopin suka durƙushe, farashinta na bin dala. Kwamitin makarantar Lahadi da ya yanke shawarar buga nasa littafin zai tarar kwalin da wata majami'ar Amurka ta aiko kyauta ne, nasa kuwa sai an yi baiko na musamman kafin a biya maɗaba'a a Kaduna ko Jos.